Buhun da Kajin Draha Suka Cinye

Drahomira aka raɗa mata, amma duk garin Borenov babu mai wahalar da bakinsa wajen kiran wannan dogon suna. Draha ake ce mata. A Layin Tafki aka haife ta, gindin dutsen fada, inda inuwar hasumiya take sauka da yamma, kuma a wannan layin ta yi aure, ta haihu, ta tsufa. Tafiya mafi nisa da ta taɓa yi ita ce birnin Brno wajen 'yarta Irena, nan ma ta dawo tana mitar ruwansu ba shi da daɗi.

Garinmu abu biyu gare shi, fada da maɓalli. Fadar ta riga kowa zuwa. Masu ita na farko sun gina ta ne don tsaron hanyar fatake, sojojin Suwidin suka zo suka cinna mata wuta, aka sake rufa ta, ta yi ta yawo daga hannun wannan zuwa na wancan har ta koma rumbun hatsi. Zamanin gurguzu kuwa takin zamani aka jibge a zauren da masu sarauta suke rawa. Duk wannan tarihi bai taɓa sa wa kowa burodi a baki ba. Abin da ya ciyar da mu maɓalli ne, na ɓawon katantanwar ruwa. Kakanninmu da na rafi suka fara, da suka kwashe na rafin kaf sai aka shiga kawo na teku a jirgin ƙasa, buhu-buhu, yana warin gishiri. Mutanen da ba su taɓa ganin teku ba, ga shi tekun ke ciyar da su.

Maza ke yanka. Mutum ya zauna gaban inji ya kafa ɓawo, ya yi ta fitar da ƙwayoyi masu zagaye har ɓawon ya koma kamar rariya. Ƙwayoyin su ne kaya, a goge su, a huda musu ido, mata su tantance su ɗinka a jikin kwali. Abin da ya rage shi ne tarkace, kuma tarkace ba shi da mai shi. Tsibi ne guda a bayan kamfanin maɓalli, kowa ya zo da bokitinsa ya ɗiba ba sallama. Da shi ake cike ramukan hanya, shi ake barbaɗawa a ƙofar gida in ƙanƙara ta yi santsi, mata kuma su daka shi su zuba wa kaji don ƙwai ya yi ɓawo mai kauri.

Amma akwai amfani ɗaya da ba a wasa da shi. In mai yanka ya mutu, abokan aikinsa kowa zai cika hannu daga ƙarƙashin injinsa, ya zo ya watsa a kan kabarin har ƙasar ta rufe ruf. Ba a ɗebo na tsibi, ba a kuma taɓa na kabarin wani. Ka hau hasumiya bayan an ɗauke ruwa ka dubi maƙabarta, kaburburan masu yanka za ka gani suna ƙyalli fari fat, na mahauta da malaman makaranta kuwa baƙi ƙirin. Mutanenmu ba su cika damuwa da coci ba, amma wannan al'ada ko ɗan gurguzun da ya fi kowa zafin kai bai taɓa cewa a bari ba.

Tun kafin ta iya rubuta sunanta Draha take ɗinka maɓalli a kwali, zaune kusa da uwarta a teburin kicin. Da ta tasa aka ɗauke ta ɗakin tantancewa, ta yi shekara da shekaru tana ware mai tsagu daga lafiyayye, mai rawaya daga fari. Ido gare ta, baki kuma ya fi idon. Yarinyar da ta bar mai tsagu ya wuce a tirenta, ranar sai ta gwammace kiɗa da karatu.

Mijinta Vendelin mai yanka ne, ɗan mai yanka, jikan mai yanka. Dogo ne, girarsa kullum fari da ƙurar ɓawo, magana kuwa sai ka rantse saye yake yi. A rawar 'yan kwana-kwana suka haɗu. Bai ce ta yi kyau ba, bai ce ta iya rawa ba, rigarta ya duba ya ce maɓallin tsakiya ya tsage, kuma ba yankansa ba ne. Ta ce masa in ya san ya fi mai yankan to ya nuna. Washegari ya aiko mata da jeri guda a ƙulle cikin hankici. Neman auren ke nan gaba ɗayansa. Da biki ya matso, shi ya yanka maɓallan rigunan da ake cusa bargo a ciki da na matashin kai, manya masu ruwan madara, ita kuma ta ɗinka su da hannunta.

Sai roba ta shigo. Da farko dariya aka yi mata. Draha ce ta koya wa 'yan ɗakin tantancewa yadda ake gane ta ko da ido rufe: na ɓawo sanyi gare shi a leɓe, in ka ƙwanƙwasa a haƙori ya amsa, na roba kuwa ɗumi ne, bebe ne. To amma robar ba ta san ana yi ba. Injinan ɓawo suka riƙa raguwa, masu yanka suka koma danna injin roba ko suka yi ritaya. Vendelin ya ƙi. Aka bar masa inji ɗaya a lungu don odar masu ɗinkin manya, ya zauna a kai har gurguzu ta faɗi, kamfani ya canza hannu, sababbin masu shi suka ce ya isa haka. A shekarar ce kuma aka gyara fada don masu zuwa kallo, aka kwashe tsibin tarkace gaba ɗaya aka cike fadamar gindin dutse da shi, aka malala kwalta, ya zama wurin ajiye motoci. Injin Vendelin aka haura da shi fada, aka kewaye shi da jan igiya a ɗakin tarihi. Sau ɗaya ya je ya gani, bai sake komawa ba.

Ranar da ya bar aiki ya dawo gida da buhu a baro. Ya tura shi rumfar bayan akurki, ya ɗaure bakin, ya wanke hannu ya zauna cin miyar tafarnuwa. Bai faɗi amfanin buhun ba. Draha ta leƙa ta ga tarkace ne, ita ma ba ta tambaye shi ba, don a Borenov ba a tambayar tarkace na wane ne. Da kajinta suka fara ƙwai mai laushi sai ta kwance buhun ta ɗebi gwangwani guda ta daka musu, kamar yadda uwarta take yi. Da hunturu ya zo ta barbaɗa a matakalar ƙofa kada tsohon ya zame. Haka aka yi ta tafiya, yau gwangwani, gobe gwangwani. Ta san tsibi ya tafi, da idonta ta ga motocin da suka kwashe shi, amma hannun da ya saba ɗiba tun yarinta bai taɓa yarda tarkace yana ƙarewa ba.

Ƙurar da Vendelin ya shaƙa ta jira shi sai da ya huta sannan ta tashi. Tari ya kama shi, irin wanda ya ɗauki babansa. A kakar da ya kwanta, lokacin da ake zuƙe tafki ana kamun kifi, ya kira ta da hantsi tana share tokar murhu.

"Tsohuwa, buhun nan na bayan akurki," in ji shi. "Daga ƙarƙashin injina na share shi. Yanzu babu mai inji, babu wanda zai kawo mini. In lokaci ya yi ki raba wa Chenek da sauran abokan aikina, kowa ya cika hannu, a yi mini yadda aka yi wa babana."

Ta ce to. Ta ajiye tsintsiya ta fita.

Buhun yana kwance a ƙasa, ya shanye. Ta zura hannu har kafaɗa, abin da ta taɓo gari ne da 'yan ɓarɓashi, bai cika tafi biyu ba. Ta kifa bokiti ta zauna a kai. Kajin suka ji motsin buhu suka kewaye ta suna jira, tunda sun saba. Tsoro ya kama ta, kunya kuma ta fi tsoron. Mutumin nan a duk zamansu bai taɓa roƙonta komai ba sai wannan, ga shi ta zuba wa kaji.

Ba ta gaya masa ba tukuna, nema ta shiga yi. Ta je kamfani, matar da ke ofis ta karɓe ta da mutunci, ta ce ɓawo dai rabon su da shi tun kafin ta fara aiki, amma akwai tarkacen roba mai ƙyalli, in tana so a cika mata jaka. Draha ta yi godiya da baki ɗaya, ta zagi robar da ɗayan a hanya. Ta hau fada, gwiwoyinta suna kuka, ta sami Sharka mai kula da ɗakin tarihi, yarinyar da aka haifa a gabanta. Ga ɓawo nan a bayan gilashi, har da tarkacen da aka zuba a ƙarƙashin injin Vendelin don ya yi kama da na gaske. Sharka ta saurare ta har idonta ya ciko, ta ce, "Gwaggo, da nawa ne da kin tafi da shi yanzu. Kayan gwamnati ne, ko guda ba ni da ikon fitarwa." Draha ta san gaskiya ta faɗa, ba ta ja ba.

Daga nan sai gidan Chenek, abokin zaman Vendelin a layin injina, gajere mai baki kamar reza. Ya ce shi ma ya taɓa ajiye kwali guda, marigayiya matarsa ta ciyar da agwagi da shi. "Duk garin nan kaji sun cinye mu, Draha, ke ce dai kika fara lura." Da ta fito ta bi ta wurin ajiye motoci, ta tsaya a tsakiyar kwalta tana buga ƙafa. Abin da take nema yana nan ƙarƙashin takalminta, ya isa rufe maƙabarta biyu. Ƙarshe ta shiga maƙabartar, ta tsaya kan kabarin surukinta, ta sunkuya ta ɗauki ɓawo guda. Ta juya shi a hannu, ta mayar inda ta ɗauka. Wanda ya ciyar da kaji da rabon ɗa ba zai ƙara da satar na uba ba.

Da safe ta kai masa soyayyen ƙwai, ta tsaya a bakin gado ta faɗa masa duka, ba kwana-kwana. Ya dube ta, ya dubi farantin. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ta zaci tarin ne, ashe dariya ce, dariyar ta jawo tarin, sai da ta tallafe shi ta buga masa baya.

"Ashe kullum safiya kabarina kike soya mini," in ji shi da numfashi ya dawo.

"Kai ma da bakinka, me ya hana ka faɗa? Shekara nawa ina zaune da kai kamar da murhu. Murhun ma yakan yi ƙara in an sa masa itace."

"Bar shi, tsohuwa. Baƙar ƙasa ta ishi malamin makaranta, ni wane ne."

Ya faɗi haka, amma ya juya fuskarsa wajen taga, inda hasumiya take, ya daɗe bai juyo ba. Draha ta san abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ta kuma san ba zai sake ɗaga maganar ba. Abin da kawai yake yi, in ta shigo da safe sai ya miƙa hannu ya ce a kawo masa rabonsa. Ya ci ƙwan tas, har ya goge farantin da burodi.

Kafin dusar ƙanƙara ta fara sauka ya rasu, da rana, Irena tana gefensa.

Draha ba ta zauna kuka ba, kukan a tsaye ta yi shi. Ta ɗauki almakashi ta fara da rigunan bargon aurensu. Ta bi matasan kai, ta bi rigunansa na Lahadi, ta ciro rigar nan ta rawar 'yan kwana-kwana daga ƙasan akwati, har rigar da aka yi wa Irena baftisma da ita ba ta bari ba. Duk maɓallin da ya yi sanyi a leɓenta ta yanke shi. Irena ta ce, "Mama, al'adar fa tarkace ta ce." Draha ta ce al'ada cewa ta yi abin da ya fito daga hannun mai yanka, wannan kuwa ba daga ƙafarsa ya fito ba. Da ta gama gidan kaf, abin da ta tara bai wuce kwanon miya ɗaya ba. Ta dube shi ta san ko gurbin kai ba zai rufe ba.

Ta wanke kayan gado kamar yadda ake yi bayan mutuwa, ta shanya a igiya. Iska ta shiga rigunan bargon, bakunansu a wangale suna kaɗawa. A garinmu igiyar shanya ta fi jarida, kuma mai karanta ta ita ce Kveta, maƙwabciyar da suka yi shekaru suna gaba da Draha a kan kaji masu tsallaka shinge. Kveta ta ga riguna ba maɓalli, ta tare Irena a bakin shinge ta tatse ta, ta sa mayafi ta nufi gidan burodi. Daga gidan burodi labari ya shiga mahauta, daga mahauta ya faɗa gidan giya. Draha ta hango ta tana sauri ta ce shi ke nan, gobe kowa ya san matar da ta ciyar da kaji da kabarin mijinta.

Ranar jana'iza an yi yayyafi. Mutane sun taru fiye da yadda ta zata, ta ce a ranta kallon abin kunya suka zo. Limamin coci ya gama nasa, aka mayar da ƙasa. Draha ta matso da kwanonta ta juye a wajen kai. Ɗan fari ne tsakiyar baƙi, kamar an zubar da gishiri a hanya. Ta tsaya riƙe da kwanon, ba ta ɗaga ido ba.

Sai Chenek ya tako. A lokacin ta lura rigarsa ba maɓalli ko guda, da fil ya maƙale gabanta. Ya zura hannu a aljihu ya cika, ya watsa. Bayansa sauran tsofaffin masu yanka, bayansu matan ɗakin tantancewa, bayansu kowa da kowa. Babu gida a Borenov da ba shi da gwangwanin maɓallan kaka a bayan kabad. Wasu da gwangwanin suka zo, wasu da kwalbar jam, wasu a ƙulle cikin hankici. Sharka ta fada ta kawo na rigar kakarta, da zaren a jiki. Maɓallai suka yi ta zuba suna ƙara, ƙasar tana ɓacewa, har ta rufe daga kai zuwa ƙafa.

Chenek ya share hanci da bayan hannu. "Mu tarkace muka zuba wa iyayenmu, kaya ya tafi birnin Viyana a ƙirjin masu hali. Dubi beben nan, shi kaɗai zai kwanta a ƙarƙashin kaya."

Kveta ce ta ƙarshe, ta juye nata gwangwanin tana shessheƙa. Draha ta bi abin da ya zubo da ido, ta sunkuya ta tsinci guda, ta ƙwanƙwasa a haƙori, ta miƙa mata.

"Wannan roba ne, maƙwabciya. Mayar wa mijinki a wando."

"Haba Draha, har a bakin kabari sai kin yi tantancewa?"

"Da ransa bai bar roba ta taɓa shi ba, ba yau za a fara ba." Ta riƙe hannun Kveta da maɓallin a ciki, ta daɗe ba ta saki ba.

Daga ranar, duk Lahadi takan je da kwanonta ta durƙusa ta tsince na roba, don ba Kveta kaɗai ta yi kuskure ba, idon mutanen yanzu bai iya rabewa. Irena ta aiko mata da sababbin rigunan bargo masu zif, ta ninke su ta sa a kabad. Da tsofaffin take rufa, bakinsu a buɗe, kullum safiya bargon ya zame ya fito, ta cusa shi ta mayar tana faɗa da shi. Chenek kuwa ya riga ya kawo mata nasa gwangwanin ajiya don kabarinsa, ya ce ta ɓoye shi inda kaza ba ta kaiwa.

Da bazara ta shigo, wata rana da aka ɗauke ruwa, Sharka ta sauko da makullin hasumiya ta ce Gwaggo ta zo ta gani. A gindin hasumiyar nan aka haifi Draha, amma ba ta taɓa hawa ba, ta ce aikin baƙi ne. Ranar ta hau, tana tsayawa tana zagin wanda ya gina matakalar. Da suka kai sama ta dafa bango har numfashinta ya daidaita. Ba ta dubi tafki ba, ba ta dubi bututun hayaƙin kamfani ba. Ta nemi maƙabarta, ta bi layin fararen kaburbura da yatsa, ta wuce na kakansa, ta wuce na babansa, ta tsaya a kan wanda ya fi su haske.

"To, tsoho," in ji ta. "Ka rufu."

Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce wa Sharka su sauka, ba ta ba kaji abinci ba.